RARAR WUTAR SOLA A GIDAN MANOMI: YADDA ZA KA MAI DA ITA RUWA, SANYI DA KUƊIN SHIGA

Gabatarwa

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun shekarar 2023, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, tsadar mai ta sa manoma da makiyaya da dama sun jingine janareta sun koma ga wutar hasken rana, wadda aka fi sani da sola. A yau da wuya ka shiga ƙauye ba ka hangi farantan sola a kan rufin wani gida, ko a gefen wata rijiyar burtsatse ba. Wannan ci gaba ne abin farin ciki. Sai dai akwai wata asara da ke aukuwa kullum a yawancin waɗannan gidaje, wadda mai gida ba ya ganinta da ido: kafin azahar batir ya cika, rana kuwa tana tsaka da ƙarfinta, sai wutar da farantan za su iya bayarwa daga nan har zuwa la'asar ta tafi a banza. Wannan ita ce rarar wuta.

Ya kai manomi, kuɗinka ka sa ka sayi farantan nan, kuma kowace sa'a da suka yi ba sa aiki, jarinka ne ke kwance. Haka kuma idan aka bar rarar ta shiga batir ba tare da tsari ba, takan kashe shi, har ma ta jawo gobara. Manufar wannan bayani ita ce a nuna maka inda rarar take fitowa, yadda za ka auna ta, da kuma yadda za ka juya ta zuwa ruwa a tanki, ƙanƙara, busasshen amfanin gona da kuɗin shiga, ba tare da ka cutar da kayanka ba.

Daga ina rarar take fitowa?

Dalili na farko shi ne saɓanin lokaci. Farantin sola ya fi ba da wuta tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 3 na yamma, a daidai lokacin da mutanen gida suke gona ko kasuwa. Buƙatar wuta kuwa, wato fitila da fanka da talabijin, sai bayan magariba take tashi.

Dalili na biyu shi ne saɓanin yanayi. Mai haɗa sola da ya san aikinsa yakan yi lissafi ne da watan da rana ta fi ƙaranci, wato lokacin marka a watannin Yuli da Agusta, ko kwanakin da hazon hunturu ya yi kauri. Farantan da za su ishe ka a watan Agusta kuwa dole su yi maka yawa daga watan Fabrairu zuwa Afrilu. Saboda haka samun rara ba ya nufin an cuce ka wajen haɗi. Abin lura shi ne, rarar ta fi yawa a daidai lokacin noman rani da zafin bazara, lokacin da gona da dabbobi suka fi buƙatar ruwa da sanyi.

Dalili na uku shi ne batir yana da iyaka. Kamar rumbu yake: in ya cika ya cika, kome yawan damman da suka rage a gona.

Yadda za ka lissafa rararka

Ana auna wuta da yunit, irin wanda ake saye a mitar kati. Yunit 1 shi ne wutar da na'ura mai wat 1,000 take ci a sa'a guda. A ƙasar nan, idan aka tattara hasken yini ɗaya, yakan yi daidai da kimanin sa'o'i 4 na cikakkiyar rana a jihohin kudu, sa'o'i 5 a tsakiyar ƙasa, da kimanin sa'o'i 6 a can arewa.

Mu ɗauki misalin gida mai faranti 4, kowanne wat 300, da batir 2 masu bolt 12 da amfiya 200. Farantan sun haɗa wat 1,200. A sa'o'i 5 za su ba da yunit 6 a lissafin takarda. Amma zafi da ƙura da tsawon waya sukan cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka abin da zai zo hannu kimanin yunit 4.5 ne.

Da dare kuma, a ce gidan yana kunna ƙwan fitila 6 masu wat 10 na sa'o'i 5, fanka 2 masu wat 60 na sa'o'i 8, talabijin mai wat 60 na sa'o'i 4, da cajin wayoyi. Jimillarsu kimanin yunit 1.5 ce. In aka haɗa da abin da inbata ke ci da abin da ke salwanta wajen caji, batir zai buƙaci kimanin yunit 2.3 kafin ya sake cika. Ka ga ke nan fiye da yunit 2 ne ke ragewa a kowace rana mai haske. A kwana 200 na rani, wannan ya kai yunit 400 da aka biya kuɗinsu tun ranar da aka sayi farantan, amma ba a mora ba.

Ko ba ka yi wannan lissafi ba, na'urar daidaita caji, wadda masu haɗi ke kira kontirola, za ta gaya maka. Ka duba fuskarta da tsakar rana. Idan batir mai bolt 12 ya kai kimanin bolt 14.4, ko 28.8 ga haɗin bolt 24, sannan amfiyar da ke shiga ta yi ta raguwa alhali rana tana nan tas, to rara ta fara. Idan daga baya ƙarfin ya sauka zuwa kimanin 13.6, ko rubutun FLOAT ya bayyana, batir ya cika sarai. Gidan da batirinsa ke cika kafin ƙarfe 12 na rana yana da rara mai yawa. Gidan da sai la'asar yake cika, ko ma ba ya cika, ba shi da rara ko kaɗan, kuma bai kamata ya ƙara wa wutarsa wani nauyi ba.

Kare batir shi ne farko

Kafin a yi maganar cin moriyar rara, wajibi ne a tabbatar ba ta yin ɓarna. A duk kayan sola, batir ne ya fi saurin mutuwa, kuma sau da yawa shi ya fi tsada. Idan aka haɗa faranti da batir kai tsaye ba kontirola a tsakani, kamar yadda wasu ke yi don gudun kashe kuɗi, wuta za ta ci gaba da shiga bayan ya cika. Ruwan batir zai dinga tafarfasa yana ƙonewa, jikinsa ya yi zafi ya kumbura, kuma ya dinga fitar da iskar haidirojin, wadda ke kama wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki. Tartsatsi guda ya isa. Araha ba ta ado. Kuɗin kontirola bai kai kashi kaɗan na kuɗin batirin da za ta ceta ba.

Kontirola iri biyu ce a kasuwa, PWM da MPPT. Dukkansu suna rage wutar da ke shiga idan batir ya cika, sai dai MPPT ta fi iya tatsar wuta daga farantai, kuma ta fi tsada. Farantin sola ba ya lalacewa don an tsayar da karɓar wutarsa. Zai zauna ne kawai cikin rana ba ya aiki. Wajen haɗi, a fara jona batir da kontirola kafin a jona faranti. Wajen cirewa kuwa a fara cire faranti. A sa fis ko bireka kusa da kan batir, domin wayar da ta haɗu da 'yar'uwarta a nan takan narke nan take.

A ajiye batir a wuri mai inuwa da iska, nesa da murhu da ɗakin kwana. Batirin dalma, wato mai ruwa da irin na jel, yana son zafin da bai wuce digiri 25 a ma'aunin Salshiyas ba, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yakan rage kusan rabin kwanansa. Kada a zuƙe shi ƙasa da rabi. Mai ruwa kuma a riƙa duba shi duk wata, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai, ban da ruwan rijiya ko na famfo. Batirin litiyam yana jure a sha kashi 80 cikin 100 na wutarsa, yana kuma da na'urar kariya a cikinsa, amma shi ma dole a saita kontirola daidai da abin da masu ƙera shi suka rubuta.

Me ya sa ƙarin batir ba shi ne mafita ta farko ba?

Mutum yakan ce, tun da wuta na ragewa, bari in ƙaro batir in tara ta. Wannan yana da amfani ne kawai idan wuta tana yanke maka da dare. In kuwa batirin da kake da shi yana kai ka asuba, ƙarin batir ba zai tsinana kome ba: zai cika a rana ta farko, ya zauna a cike, washegari rarar ta dawo yadda take. Bugu da ƙari, batir yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi, kuma haɗa sabo da tsoho yakan jawo sabon ya bi sahun tsohon.

Manomi yana da ma'ajiya mafi araha da ɗorewa. Ruwan da ka ɗaga zuwa tanki da rana zai sauko da kansa da yamma. Ƙanƙarar da ka haɗa da rana za ta riƙe sanyi har safe. Garin da ka niƙa da barkonon da ka busar ba sa buƙatar wuta kuma. Dabarar duka ita ce ka dawo da ayyuka masu cin wuta zuwa tsakar rana.

Ruwa a tanki

Wannan ita ce hanya mafi riba ga yawancin manoma. Ƙaramin famfo mai aiki da wuta yakan ci kimanin kashi ɗaya cikin biyar na yunit kafin ya ɗaga lita 1,000 zuwa tsayin mita 30, in an haɗa zurfin rijiya da tsayin tanki. Ke nan rarar yunit 2 ta misalinmu, wato famfo mai wat 500 na sa'o'i 4, za ta iya ɗaga kusan lita 10,000, muddin rijiyar tana da ruwan da za ta bayar. A fadama, inda ruwa ke kusa, abin da za a samu ya ninka haka.

Kayan lambu irin su tumatir da tattasai sukan buƙaci kimanin lita 5 zuwa 7 a kowace murabba'in mita a kullum lokacin rani. Lita 10,000 za ta shayar da fili mai faɗin mita 40 da tsawon mita 40 idan ana ban ruwa ta hanyar ɗigo, kuma tankin da aka ɗaga mita 2 ya isa ya tura ruwa cikin bututun ɗigo a ƙaramin lambu ba tare da inji ba. Ga mai kiwo kuwa, saniya takan sha lita 30 zuwa 50 a ranar zafi, don haka wannan ruwa zai wadaci garke babba. Mai kiwon kifi ma yana iya sauya ruwan tafkinsa a wannan lokaci.

A kula da abubuwa uku. Na farko, a sa makunnin da ke kashe famfo da kansa idan tanki ya cika, da wanda ke kashe shi idan ruwan rijiya ya ja baya, domin famfon da ya yi aiki a bushe yakan ƙone. Na biyu, duk na'ura mai moto takan fizgi wuta ninki 3 zuwa 6 a daidai lokacin tashinta, saboda haka inbata mai wat 1,000 tana iya kasa tayar da famfo mai wat 500. A tambayi mai haɗi kafin a saya. Na uku, kada arahar wuta ta sa a zuƙe rijiya fiye da kima. Ruwan ƙasa na al'umma ne, kuma idan ya ja baya kowa zai ji a jikinsa.

Sanyi da ƙanƙara

Mai da kilo 1 na ruwa ƙanƙara yakan ci kimanin kashi ɗaya cikin goma na yunit. Firiza mai wat 150 da ta yi sa'o'i 5 tana aiki za ta daskarar da kilo da dama. Dabarar ita ce a jera gorunan ruwa a ƙasa da gefen firiza, a bar ta ta yi aiki sosai da rana, a kashe ta da yamma, a kuma rage buɗe ta. Ƙanƙarar za ta riƙe nono, kifi, nama ko zoɓon sayarwa har gari ya waye, batir kuwa bai san an yi ba. A kan wannan tsari aka ƙera firjin ajiye allurar rigakafi marasa batir da ake gani a ƙananan asibitoci. Amfanin sanyin sola ga kayan gwari kuwa ya bayyana a ɗakunan sanyi na kamfanin ColdHubs, wanda ya fara aiki a Owerri ta Jihar Imo a shekarar 2015, inda 'yan kasuwa ke biyan kuɗin ajiyar kwando a kullum.

Sai dai a yi hattara da rigakafin dabbobi da kaji, irin wanda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take haɗawa. Yawancinsa yana son sanyin digiri 2 zuwa 8 ba yankewa, wani kuma daskarewa ke lalata shi. Kada a dogara da firjin da ake kunnawa ana kashewa wajen ajiyarsa, sai an sa ma'aunin zafi a ciki an tabbatar, an kuma bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar.

Busarwa, niƙa da sauran ayyuka

Ƙaramar fanka mai wat 40 zuwa 60 da aka sa a akwatin busarwa na hasken rana tana gaggauta bushewar barkono, kuɓewa, tumatir, citta da yankakken rogo, ta kuma tsare su daga ƙura da ƙuda da awaki. Masarar da aka busar har laimarta ta sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ba ta saurin yin fumfuna, wadda ita ce tushen gubar afulatoksin. Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya da ke Ilorin ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan na'urorin busarwa, kuma malamin gona na iya neman bayaninsu a can.

Ga mai kiwon kaji, zafin da ya haura digiri 30 yana rage cin abinci da yawan ƙwai, kuma a bazara yakan kashe manyan kaji. Sa'o'in da zafin ya fi tsanani su ne sa'o'in rara, don haka fanka a ɗakin kaji ta dace ƙwarai. Haka nan cajin famfon feshi mai batir, cajin tocila, keken ɗinki, injin aski, guga da ƙaramin injin markaɗe, duk a mai da su tsakanin hantsi da azahar. Babban injin niƙa kuwa ya fi ƙarfin solar gida: ƙarfin doki 1 daidai yake da wat 746, injin mai doki 5 ke nan yana neman fiye da wat 3,700.

Ruwan zafi ma hanya ce. Yunit 2 zai ɗaga zafin lita 40 na ruwa da kimanin digiri 40, abin da zai isa wanke ƙoren nono da kayan tatsa, ko wankan iyali a hunturu, a kuma rage ƙona itace. A tabbatar hitar tana da na'urar da ke kashe ta idan ruwa ya yi zafi.

Abin da bai dace da rara ba

Rara wuta ce mai zuwa tana ɗaukewa. Gajimare guda na iya katse ta. Saboda haka duk aikin da ba ya jure yankewa, a lissafa shi cikin buƙatar gida ta kullum. Injin ƙyanƙyasa yana son zafin kimanin digiri 37.5 dare da rana har kwana 21. Fitilar ɗumama 'yan tsaki da dare ake buƙatarta. Injin hura iska a tafkin kifi ya fi amfani gab da asuba, lokacin da iskar ruwa ta fi ƙaranci. Duk waɗannan nauyin batir ne.

Kuma a kiyaye wannan ƙa'ida: batir shi ne mai rabon farko. A kunna ayyukan rara bayan ya kusa cika, a kashe su da misalin ƙarfe 3 na yamma, domin ya shiga dare a cike. Batirin dalmar da ya yi kwanaki ba ya cika yakan yi tsatsar gishiri a ciki, ƙarfinsa ya ragu ba dawowa. A ranar hadari ko hazo mai kauri a dakatar da ayyukan gaba ɗaya. Wanda ba ya zama gida yana iya sayen agogon kunna wuta, wasu kontirolin kuma suna da makunnin da ke yin wannan aiki da kansa gwargwadon cikar batir. Wanke farantai da sassafe, ko da sau ɗaya a mako a lokacin hunturu, yana ƙara yawan rarar.

Injin iska da injin ruwa: hukuncinsu daban ne

Masu zaune a wuraren tuddai irin su Filato da Mambila, inda ake da iska da ƙoramu masu gangara, suna iya samun wuta daga injin iska ko ƙaramin injin ruwa. A nan akwai bambanci babba da sola. Nauyin wutar da ake ja shi ne birkin injin. Idan batir ya cika aka yanke shi kamar yadda ake yi wa faranti, injin zai sami kansa ba kaya, ya yi ta gudu fiye da kima, ƙarfin wuta ya haura, har fukafukai su karye ko wayoyin ciki su ƙone.

Don haka irin wannan inji yana buƙatar kontirola mai karkatar da wuta. Idan batir ya cika, sai ta juya rarar zuwa wata na'ura da aka tanada musamman don cinye ta, galibi hitar ruwa ko ta iska. Wajibi ne wannan hita ta iya ɗaukar dukkan abin da injin zai bayar a ƙarshen ƙarfinsa, har da ɗan ƙari, kuma kada a sa mata makunnin da wani zai kashe. Kada a yi amfani da ƙwan fitila a matsayinta, domin ran da ya ƙone injin ya rasa birki. A kafa ta nesa da ciyawa, itace da buhunan hatsi. Kontirolar sola ta yau da kullum ba ta dace da injin iska ba.

Sayar wa maƙwabta da batun layin kamfani

Rara tana iya zama sana'a. Cajin waya, sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara, ko sayar da ruwan tanki ga maƙwabta, duk hanyoyi ne da mata da matasan gida za su samu abin sayen sabon batir idan lokacinsa ya yi. Sayar da aikin da wutar ta yi ya fi sauƙi da aminci a kan ja wa maƙwabci waya. In kuwa za a ja, to ƙwararre ya yi aikin da waya mai kauri, da bireka da mita, a kuma rubuta sa'o'i da na'urorin da aka yarda da su, don kada wuta ta ɓata zumunci.

Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba mutum damar samar da wutar da ba ta wuce megawat 1 ba, ko rarraba wadda ba ta wuce kilowat 100 ba a wuri guda, ba tare da lasisi ba. Solar gida ba ta ko kusa da wannan iyaka. Gyaran tsarin mulki na shekarar 2023 kuma ya ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, kuma a 2024 jihohi irin su Inugu, Ekiti da Ondo suka fara karɓar wannan iko, don haka ya kamata a san ƙa'idar jihar da ake ciki.

Gidan da ke da layin kamfanin rarraba wuta kuma yana da sola, kada ya kuskura ya tura rararsa cikin layin ba tare da yardar kamfanin a rubuce da na'urorin da suka dace ba. Wutar da ta koma layi bayan an ɗauke wuta tana iya kashe ma'aikacin da ya hau turke yana gyara, kuma wasu mitocin kati sukan lissafa wutar da ta fita tamkar wadda aka sha. A sa makunnin sauya layi mai raba su gaba ɗaya.

Aikin malamin gona

Ya malamin gona, kafin ka ba manomi shawarar sayen famfo ko firiza, ka sa shi ya yi rubutu na mako guda: lokacin da batir ya cika kowace rana, ƙarfinsa da magariba, da ƙarfinsa da asuba kafin rana ta fito. Batirin dalma mai bolt 12 da ya kwana ya tashi a ƙasa da 12.1 an zuƙe shi fiye da rabi, kuma wannan gida gyaran lissafin dare yake buƙata tukuna. A maimaita rubutun a damina, domin rarar Maris ba ita ce ta Agusta ba. Daga nan sai ku jera ayyukan gidan gida biyu, masu jure yankewa da marasa jurewa, ku fara da aiki guda ɗaya, ku ga yadda batir zai kasance kafin a ƙara na biyu.

Ka kuma ja hankalin jama'a kan mataccen batir. Dalma guba ce, musamman ga ƙananan yara. Annobar gubar dalma ta Jihar Zamfara a shekarar 2010, wadda ta samo asali daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ta hallaka ɗaruruwan yara. Kada a fasa batir a gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko lambu, a mai da shi ga dillalan da ke karɓa.

Kammalawa

Manomi ɗan'uwa, gobe da tsakar rana ka je ka dubi fuskar kontirolarka. Idan ka tarar batir ya cika, to farantanka sun tashi daga aiki alhali sauran sa'o'i uku ko huɗu na rana mai ƙarfi. Ka zaɓi aiki guda da gidanka ko gonarka suka fi buƙata, ko ruwa, ko sanyi, ko busarwa, ka mai da shi cikin waɗannan sa'o'i, ka kashe shi kafin la'asar. Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinka ko ofishin hukumar raya aikin gona ta jiharka, kuma duk aikin haɗa waya a bar wa ƙwararren mai gyaran wuta. Allah Ya sa albarka a nomanmu da kiwonmu.